Sashe na 1031: Tarihin harajin da Amurkawa ke ɗagewa har kabari

Mai gidan haya a Amurka, idan ya tashi sayar da gidansa, akwai shawarar da dole ya yanke kafin kuɗin cinikin su taɓa hannunsa. Ko dai ya karɓi kuɗinsa ya biya gwamnati harajin ribar da ya samu, ko kuwa ya zuba su gaba ɗaya cikin wata kadarar, harajin ya jira shi zuwa wani lokaci. Hanya ta biyu tana ƙarƙashin sashe na 1031 na kundin dokokin harajin ƙasar, kuma ta haura shekara ɗari a duniya. An kafa ta ne domin masu musayar gona da gona da doki da doki. Yau ta zama masana'anta mai lauyoyinta da dillalanta da masu kare ta a majalisa. Wanda ya san yadda aka yi ta kai haka zai fi gane abin da ake ci da abin da ake asara a cikinta.

Tambayar da ta haifi dokar

A shekarar 1913 aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na 16, wanda ya bai wa gwamnatin tarayya ikon karɓar haraji a kan kuɗin shiga. Da farko harajin bai taka kara ya karya ba, domin mafi girmansa kashi 7 cikin 100 ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sauya lissafin: a 1918 manyan masu kuɗi sun kai ga biyan kashi 77 cikin 100 a kan saman kuɗin shigarsu, kuma ko a 1921 adadin yana kashi 73.

Da haraji ya yi nauyi haka, sai wata tambaya ta taso: yaushe ne riba take zama riba? Mutum ya sayi fili dala 1,000, bayan shekaru ya kai 5,000. Arzikinsa ya ƙaru, amma ko sisi bai shiga aljihunsa ba. Kotun Ƙoli ta taɓo batun a 1920 a shari'ar Myrtle Macomber, wadda kamfanin mai na Standard Oil na Kalifoniya ya ƙara wa takardun hannun jari a maimakon kuɗi. Kotun ta yanke cewa wannan ba kuɗin shiga ba ne, tun da babu abin da ya fita daga jarin ya shiga hannunta. A watan Maris na 1921 kuma kotun ta tabbatar da cewa ribar da aka samu ta hanyar sayar da kadara kuɗin shiga ce, kuma haraji ya hau kanta.

Hukunce-hukuncen biyu sun bar giɓi a tsakiya. Idan tashin daraja kaɗai ba ya jawo haraji, sayarwa kuma tana jawowa, ina matsayin musaya? Dokar 1918 ta ɗauki musaya tamkar ciniki, ana ƙiyasta darajar abin da aka karɓa a yanka haraji. Sakamakon shi ne mutane suka riƙe kadarorinsu suka ƙi motsa su, domin manomin da ya ba da gona ya karɓi gona ba shi da tsabar kuɗin da zai biya hukuma.

A watan Nuwamba na 1921 Shugaba Warren Harding ya sa hannu a kan sabuwar dokar haraji, lokacin Andrew Mellon yana sakataren baitulmali. Dokar ta yi abubuwa biyu da suka shafi wannan labari. Ta ware wa ribar kadarori haraji mai sauƙi na kashi 12.5 cikin 100. Sannan a sashenta na 202 ta ce idan aka musanya kadarar da ake riƙe da ita don jari ko sana'a da wata irinta, ba za a lissafa riba ko asara a lokacin ba.

Ƙofar farko da aka toshe

Ba a yi shekara biyu ba aka ga ɓaraka. Dokar 1921 ba ta cire takardun hannun jari daga cikin kadarorin da ake musanyawa ba. Dillalan kasuwar hannun jari suka buɗe sassa na musamman domin wannan aiki: takardar da ta yi riba sai a musanya ta da wata ba tare da haraji ba, wadda ta faɗi kuma sai a sayar da ita da kuɗi a cire asarar daga haraji. Gwamnati tana ɗaukar asara, riba kuma ba ta ganinta. A 1923 majalisa ta cire hannun jari da takardun bashi daga cikin tsarin.

A 1934, ana tsakiyar durƙushewar tattalin arziki, majalisa ta sake duba sashen ta bar shi, kuma dalilan da kwamitinta ya bayar su ne ake maimaitawa har yau. Na farko, kuɗin mutumin suna nan ɗaure cikin irin kadarar da suke ciki a da, don haka ribarsa ta takarda ce. Na biyu, ƙiyasta darajar dubban musayen dawaki da makamantansu zai ci wa hukuma fiye da abin da za ta samu. Akwai kuma lissafin lokacin: farashi ya faɗi, kuma da an soke sashen, asara mutane za su riƙa nunawa su rage haraji. Wato a wancan zamani dokar tana kare baitulmali kamar yadda take kare mai kadara.

Lambar 1031 ta zo ne a 1954, lokacin da aka sake tsara kundin haraji gaba ɗaya. Kafin nan kotuna sun riga sun faɗaɗa ma'anar "iri ɗaya" a sha'anin ƙasa da gine-gine. A 1941 wata kotun ɗaukaka ƙara ta amince da musayar haƙƙin ma'adinan ƙarƙashin ƙasa da kaso a wani otal na cikin gari. Tun daga nan gona da bene, da filin da ba a gina ba da rukunin shaguna, duk iri ɗaya ne a idon doka. A sauran dukiyoyi kuwa an tsananta: a 1969 majalisa ta rubuta ƙarara cewa dabbobin da jinsinsu ya bambanta ba iri ɗaya ba ne, don haka sa ba ya zama madadin saniya.

Malamin gandun daji da ya sauya komai

Babbar matsalar musaya tsohuwa ce: sai ka sami wanda yake son abinka, kuma yake da abin da kake so, a lokaci guda. Tun 1935 hukumar ɗaukaka ƙarar haraji ta amince a shigo da mutum na uku tsakani, a wata shari'a ta birnin Baltimore. Amma fahimtar da aka tafi a kanta ita ce dole a yi ba-ni-in-ba-ka a zama ɗaya.

T. J. Starker tsohon malamin ilimin gandun daji ne a jihar Oregon, kuma mai dazuzzukan katako. A watan Afrilu na 1967, shi da ɗansa Bruce da matar ɗan suka miƙa wa kamfanin takarda na Crown Zellerbach eka 1,843 na daji. Ba su karɓi kuɗi ba, ba su kuma karɓi wata kadara a ranar ba. Kamfanin ya rubuta musu darajar dajin a littafinsa, ya yi alkawarin saya musu kadarorin da suka zaɓa cikin shekara biyar, ko ya biya ragowar da kuɗi. Ya kuma amince zai riƙa ƙara kashi 6 cikin 100 duk shekara a kan abin da ya rage. Kason uban ya kai dala 1,502,500, kuma a cikin kimanin shekara biyu kamfanin ya kammala biyansa da kadarori 12.

Hukumar tara haraji ta IRS ta ce wannan ciniki ne tsagwaronsa, an sa masa rigar musaya. Aka tafi kotu. A 1979 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara ta yanke cewa doka ba ta wajabta a yi musayar lokaci guda ba. Starker bai ci duka ba: kotun ta ce ƙarin kashi 6 ɗin kuɗin ruwa ne da haraji ya hau kansa, kuma kadarori biyu da aka rubuta da sunan 'yarsa ba su shiga ba. Amma babbar maganar ta tabbata. Daga ranar, mutum zai iya rabuwa da kadararsa yau ya karɓi madadinta daga baya, kuma har yanzu masu sana'ar suna kiran irin wannan musaya da sunan Starker.

Baitulmali ya ga cewa shekara biyar ta yi yawa. A 1984 majalisa ta karɓi hukuncin amma ta ɗaure shi da wa'adi biyu: kwana 45 domin a bayyana sabuwar kadarar a rubuce, da kwana 180 domin a kammala mallakarta, duka ana ƙirgawa daga ranar da aka rabu da tsohuwar. Wa'adin na biyu yana iya gajarcewa idan ranar miƙa takardar harajin shekarar ta riga shi zuwa. A 1989 aka ƙara sharuɗɗa biyu. Musaya tsakanin 'yan uwa na jini sai kowa ya riƙe abin da ya karɓa shekara biyu. Sannan kadarar da ke wajen Amurka ba iri ɗaya ba ce da ta cikin ƙasar. Saboda haka ɗan Najeriya ko ɗan Nijar mazaunin Amurka da ya sayar da gidan haya a Houston domin ya gina a Abuja ko Yamai ba shi da rabo a wannan sassauci, sai ya biya.

Masu riƙon amana

A 1991 ma'aikatar baitulmali ta fitar da ƙa'idojin da suka mayar da abin sana'a. Sharaɗin shi ne kada kuɗin ciniki su shiga hannun mai kadara, ko su zauna inda yake da ikon ɗaukarsu. Sai a ajiye su wajen wani mai riƙon amana da ba lauyansa ko akawunsa ko dillalinsa ba, shi ya karɓi kuɗin tsohuwar kadara ya biya na sabuwa. A zahiri mutum ya sayar wa wani ya saya daga wani, amma a takarda musaya ce. Ƙa'idojin sun ba shi damar bayyana kadarori har uku ko nawa ne kuɗinsu, ko fiye da uku muddin jimillarsu ba ta wuce ninki biyu na abin da ya sayar ba. Duk kuɗin da ya rage ya karɓa a hannu a matsayin ciko, haraji yana hawa kansu nan take. A 2000 hukumar haraji ta buɗe hanyar fara mallakar sabuwar kadara kafin a sayar da tsohuwa, a 2004 kuma ta amince mutum ya karɓi ɗan kaso a wani babban gini da wata amana ke gudanarwa.

Abin da ƙa'idojin ba su yi ba shi ne sa ido a kan masu riƙon amanar. Babu lasisin tarayya, babu hukumar da ke duba inda suke kai kuɗin. A 2007 kamfanin 1031 Tax Group ya rushe, aka gano mai shi, Edward Okun, ya wawuri kimanin dala miliyan 126 na masu ajiya. A 2009 kotun tarayya a jihar Virginia ta yanke masa ɗaurin shekara 100. A watan Nuwamba na 2008 sashen musaya na kamfanin LandAmerica shi ma ya durƙushe, bayan ya zuba kuɗin ajiya cikin wasu takardun bashi da kasuwarsu ta tsaya cak. Ɗaruruwan mutane suka wayi gari babu kadara, babu kuɗi a hannu, ga kuma wa'adin kwana 180 yana ƙarewa. Garin neman gira suka tashi rasa ido.

Lissafin da ke gaban mai sayarwa

Misali zai fayyace abin da ake magana a kai. A ƙaddara wata mata ta sayi gidan haya dala 300,000. Dokar Amurka tana ba mai gidan haya damar cire rangwamen tsufan gini daga kuɗin shigarsa, a rarrabe cikin shekara 27 da rabi. A ce ta cire jimillar 80,000 tsawon shekaru. A littafin hukuma tushen farashin gidan ya koma 220,000. Idan ta sayar a kan 500,000, ribarta 280,000 ce. Dala 80,000 na rangwamen ana karɓar haraji a kansu har kashi 25 cikin 100, wato 20,000. Ragowar 200,000, idan tana rukunin masu biyan kashi 15, sun jawo 30,000. Idan kuɗin shigarta sun kai matakin ƙarin harajin jari na kashi 3.8 da ya fara aiki a 2013, zai iya kaiwa 10,640. Jimilla dala 60,640, kafin a zo ga harajin jiha, wanda a Kalifoniya yake kaiwa kashi 13.3, a Teksas da Fulorida kuma babu shi.

Idan ta bi sashe na 1031, waɗannan dala 60,640 suna ci gaba da yi mata aiki cikin sabon gini. Tamkar rance ne daga gwamnati, babu ruwa, babu ranar biya. Sai dai tsohon tushen farashi yana bin ta. Ta sayi gini na 500,000, amma a littafin hukuma 220,000 ne. Hakan na nufin rangwamen tsufan da za ta riƙa cirewa ya ragu, kuma ranar da ta sayar domin ta karɓi kuɗi, tsohuwar riba da sabuwa za su zo tare.

Daga nan abubuwa huɗu suke yanke hukunci. Na farko shi ne ko tana son ci gaba da riƙe gidaje. Wanda yake buƙatar kuɗinsa domin magani ko karatun 'ya'ya ko hutun tsufa, ɗage haraji ba ya biya masa buƙata. Na biyu shi ne matsin kwana 45. Mai sayen da kowa ya san wa'adi na binsa ba ya iya taya farashi da kyau, kuma a misalin nan, idan ta biya kashi 10 cikin 100 fiye da kima a kan ginin 500,000, ta ƙona 50,000 domin ta ɗage 60,640 da har yanzu ana bin ta. Na uku shi ne girman ribar, domin idan ƙarama ce, ko mutum yana da wata asarar jari da zai goge ta da ita, kuɗin lauya da na mai riƙon amana suna iya cinye amfanin. Idan ma asara aka yi, musaya cutarwa take yi, tun da tana hana a cire asarar.

Na huɗu shi ne farashin harajin kansa, wanda tarihi ya nuna ba ya zama wuri ɗaya. Dokar 1986 ta ɗaga shi daga kashi 20 zuwa 28. A 1997 ya dawo 20, a 2003 ya sauka 15, a 2013 kuma ya koma 20 ga manyan masu kuɗi, ga ƙarin 3.8 a kai. Wanda ya ɗage a 1990 ya biya a 2005 ya ci riba biyu. Babban mai kuɗin da ya ɗage a 2012 ya sayar a 2013 kuwa ya guje wa kashi 15 ya faɗa cikin 23.8.

Inda jinkiri yake zama yafiya

Akwai wata ƙa'ida dabam, a sashe na 1014, wadda ita ce ta ba wannan tsari ƙarfinsa na gaskiya. Idan mutum ya mutu, magadansa suna karɓar kadara da darajarta ta ranar mutuwa a matsayin sabon tushen farashi. Duk ribar da ta taru a rayuwarsa ta shafe daga littafin harajin kuɗin shiga. Matar misalin nan, idan ta yi ta musaya har ƙarshen ranta, gininta ya kai dala miliyan 2, 'ya'yanta za su iya sayar da shi a kan wannan farashi ba tare da harajin riba ba. Harajin gado yana nan, amma sai dukiya ta kai miliyoyi masu yawa yake taɓa ta.

Majalisa ta taɓa yunƙurin rufe wannan ƙofa. A 1976 ta zartar cewa magada su gaji tsohon tushen farashi. Aka yi ca a kan dokar, a 1978 aka ɗage fara aikinta, a 1980 aka soke ta tun kafin ta kama kowa.

Shi kansa sashe na 1031 ya sha tsallake rijiya da baya. A 2014 shugaban kwamitin haraji na majalisar wakilai, Dave Camp, ya ba da shawarar soke shi. Gwamnatin Barack Obama ta nemi a taƙaita ribar da ake ɗagewa zuwa dala miliyan 1 a shekara. Dokar da Donald Trump ya sa wa hannu a watan Disamba na 2017 ta cire motoci da jiragen sama da injuna da dabbobi da zane-zane, ta bar ƙasa da gine-gine kaɗai. A 2021 Joe Biden ya nemi a tsayar da shi a kan dala 500,000 ga mutum ɗaya, majalisa ba ta amince ba.

Masu kare sashen suna cewa yana sa kadarori su riƙa sauya hannu, su koma wajen wanda zai gyara su, kuma manomi ko ƙaramin mai gidan haya zai iya girma ba tare da an yanke masa jari a kowane mataki ba. Masu sukarsa suna cewa dalilan 1934 sun ƙare. Babu wahalar ƙiyasi a cinikin da aka rubuta farashinsa da dala, kuma babu rashin tsabar kuɗi tun da kuɗin suna zaune a asusun mai riƙon amana. Suna kuma tambayar dalilin da zai sa mai hannun jari ya biya idan ya sauya kamfani, ma'aikaci ya biya daga albashinsa duk wata, mai bene kuwa ya wuce. Birtaniya ta bi wata hanya: tana ɗage haraji ga kadarar da mutum yake gudanar da sana'arsa da ita idan ya maye gurbinta, amma gidan da aka saya domin haya kawai ba ya cikin wannan sassauci.

Mai sayarwa ba shi ne zai raba wannan gardama ba. Abin da ke hannunsa shi ne lissafinsa, kuma tarihin shekara ɗari ya rage masa shi zuwa tambaya ɗaya: da babu maganar haraji, zai sayi wannan sabuwar kadara, a wannan farashi, cikin waɗannan kwanaki? Idan zai saya, sashe na 1031 ƙarin jari ne da doka ta ba shi. Idan ba zai saya ba, gara ya biya dala 60,640 ya tafi da sauran kuɗinsa, da ya ɗaure dala 500,000 cikin ginin da wa'adi ya zaɓa masa.